Wai Ba Su Ji Abin Da Yake Faɗa Ba

Ranar 8 ga watan Fabrairun 2026, a garin Santa Clara na jahar Kalifoniya, aka buga wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, wanda suke kira Super Bowl. Ba balan irin tamu ba ce, da hannu ake ɗaukar ta, amma a can babu ranar wasa da ta kai wannan: sama da mutum miliyan 100 ke kallo a talabijin. A hutun rabin lokaci akan ba wani babban mawaƙi fili na kusan minti 13. Wannan karon Bad Bunny aka ba, ɗan tsibirin Puerto Rico, shi kuwa ya rera waƙoƙinsa da Sifaniyanci.

Tun watan Satumban 2025 da aka ambaci sunansa aka fara kumfar baki. Shugaba Donald Trump ya ce bai taɓa jin labarinsa ba, bayan wasan kuma ya koka cewa babu wanda ya fahimci abin da mutumin ke faɗa. Ƙungiyar Turning Point USA har nata wasan ta shirya a daidai wannan lokaci, da mawaƙi Kid Rock, don waɗanda kunnensu ba ya ɗaukar wani harshe in ba Ingilishi ba. Waɗansu suka riƙa cewa a nemo ɗan ƙasa mana, a bar ɗauko baƙo.

To, malamai ƴan'uwana da iyayen yara, mu duba wannan maganar ta baƙunta. Amurka ta karɓe Puerto Rico daga hannun Sifaniya a 1898. Tun 1917 doka ta mai da mutanen tsibirin ƴan ƙasar Amurka, ana kuma ɗibar samarinsu aikin soja. Kalifoniyar da aka yi wasan a cikinta ƙasar Meziko ce har 1848, shi ya sa garuruwanta ke da sunaye irin Los Angeles da San Francisco da ita kanta Santa Clara. Garin San Agustin na Florida, Sifaniyawa suka kafa shi a 1565, shekara 42 kafin Turawan Ingila su kafa Jamestown. Yau sama da mutum miliyan 40 ke magana da Sifaniyanci a gidajensu cikin Amurka, wato sun fi al'ummar Nijar baki ɗaya yawa. Wanda ya ce babu mai ji, waɗannan miliyoyin ne bai lissafa cikin mutane ba.

Kada a ɗauka ina kare waƙoƙin wannan mawaƙi. Akwai batsa cikin da yawa daga cikinsu, kuma ba zan kunna su a tsakar gidana gaban ɗiyana ba. Uban da ya ce rawa da shigar da ake yi a irin wannan fili ba su dace da yara ba, ina bayansa. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A 2004, a wannan fili dai, aka yi abin kunyar da ya girgiza Amurka lokacin wasan Janet Jackson da Justin Timberlake, kuma da Ingilishi suka yi waƙa. Ba mu ji an ce a kori Ingilishi ba. Shi kansa Kid Rock da aka kawo a matsayin madadi, waƙoƙinsa cike suke da ashar. Da tarbiyya ce damuwar, da ba shi za a ɗauko ba. Harshen ne ya tsone musu ido, da ganin masu shi a tsakiyar fili maimakon bayan gida wajen wankin kwanoni da tsinkar tumatir.

Abin da ya sa wannan labari na nesa ya taɓa ni, shi ne na san ƙarshen irin wannan tunani idan ya shigo lakwal. A Puerto Rico an kwashe kusan shekara 50 ana ƙoƙarin tilasta wa yara karatu da Ingilishi, sai a 1949 aka mai da Sifaniyanci harshen koyarwa. A Texas da Kalifoniya an daɗe ana hukunta yara don sun yi Sifaniyanci a filin makaranta, har ɗalibai dubbai suka fice daga azuzuwa a gabashin Los Angeles a 1968.

Mu da muka shiga lakwal a nan mun san wannan, sunansa sambol. A ajinmu wani ƙashi ne da aka ɗaura wa igiya. Duk wanda aka ji ya yi Hausa sai a rataya masa a wuya, shi kuma ya yi ta kasa kunne ya kama wani don ya sauke. Wanda yamma ta yi yana wuyansa, ya sha bulala. Na taɓa rataya shi don na ce wa abokina ya ara mini alli. Faransancina bai ƙaru ba ranar, abin da na koya shi ne yin shiru da leƙen asirin abokai. Yau da nake riƙe da alli, ina ganin yaron da ya san amsa sarai amma ya sunkuyar da kai, domin amsar da harshen uwarsa ta zo masa.

Akwai masu cewa ƙasa tana buƙatar harshe ɗaya da zai haɗa kowa, kuma da wannan hujja Trump ya sa hannu a watan Maris na 2025 a kan umarnin da ya mai da Ingilishi harshen hukuma. Babu mai musun amfanin harshen da kowa ke ji a asibiti da kotu da kasuwa. Amma Ingilishin da ya mamaye fina-finai da intanet da jami'o'in duniya, minti 13 na waƙa ne zai kayar da shi? Mu nan yaranmu na bin waƙoƙin Indiya, ba su san ma'anar kalma ɗaya ba, Hausarsu kuma ba ta gudu ba.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Yanzu mu ne masu rinjaye a takarda kamar yadda muke a kasuwa. A ajinka akwai ɗan Zabarmawa da aka yi wa ubansa canjin wurin aiki zuwa Maraɗi, akwai ɗiyar Fulani, akwai ɗan Buzaye da ɗan Barebari. Ranar bikin ƙarshen shekara, idan ɗayansu ya tashi zai yi waƙa da harshensa, sai ka ji wani daga baya ya ce a yi da abin da kowa ke ji. Wannan murya da ta masu hayaniyar Super Bowl ɗaya ce.

Malam, idan ka ji haka, ka tsawata, ka bar yaron ya ƙare waƙarsa, sannan ka roƙe shi ya fassara wa ƴan ajin. Uba, idan ɗanka ya dawo gida yana kwaikwayon Hausar wani yaro yana dariya, ka tambaye shi harshe nawa shi yake ji, wancan kuma nawa. Ƙashin sambol ya bar wuyanmu da ƙyar, kada mu ɗauko shi mu rataya wa ɗiyan maƙwabta.