Marubuci, Wane Tsuntsu Ne Ya Yi Kukan?



Sau nawa muke cin karo da "tsuntsaye na ta kuka a kan bishiya" a labaranmu? Wane tsuntsu? Kurciya ce ko hasbiya? A ganina marubucin da bai san sunan halittun garinsu ba, rabin garin kawai ya sani.

Mu ɗauki yankin noman rani na Kura da Bunkure, inda ruwan dam ɗin Tiga ke ratsa gonakin shinkafa, har zuwa gaɓar kogi a Tamburawa ta Dawakin Kudu. A wurin manomin nan, kowane tsuntsu da labarinsa. Jan-baki asara ce: in shinkafa ta fara ɗaukar ido sai ya sauko garke guda, yara su wuni suna kaɗa gwangwani. Zalɓe yana tsaye shiru a bakin ruwa yana dakon kifi. Balbela tana bin shanu, shi ya sa ake mata kirari da ci da motsin wani. Shamuwa kuwa albishir ɗin damina ce. Ka sa ta a labarin da ke faruwa cikin hunturu, mai karatu na ƙauye ya gane ba ka taɓa duban sama ba. Haka guza da damo: wancan na bakin ruwa ne, wannan na tudu.

Wani zai ce masu karatu 'yan birni ne, ba su san waɗannan sunaye ba. To ai a nan aikinmu yake. In mu ma muka guje su, a bakin wa jikokinmu za su ji kirinjijiya ko ɗinya? Ƙasar Fiji a 2013 ta sa tsuntsun kulawai a takardar kuɗinta ta dala 5, da sunansa na harshensu. Mu shafin littafi gare mu.

Ƙamus ɗin Bargery na 1934 cike yake da irin waɗannan sunaye, amma bai kai bakin mai abin ba. Ka nemi dattijon manomi, ko masunci, ko maharbi, ka gaishe shi, ka tambayi sunan, da kukan, da lokacin zuwan.

Aikin wannan mako: kowa ya samo suna biyar daga garinsu, ya saka ɗaya a sakin layi guda. Allah Ya ƙara basira.