Gonar Gahawa da Rake: Ajin da Ba Shi da Allo

Masu iya magana kan ce gani ya kori ji. Wannan magana tana fitowa fili a ƙananan gonakin da ke kan duwatsun Andis na ƙasar Kolombiya, a Amurka ta Kudu, inda manomi kan haɗa gahawa, wato kofi, da rake a gona guda. Mafi yawan gonakin gahawa na ƙasar ba su kai hekta 5 ba. Wasu daga cikinsu suna karɓar baƙi masu ziyarar gani da ido, musamman a yankin da hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2011.

Wanda ya shiga irin wannan gona zai tarar cewa itacen gahawa yakan yi shekara 3 zuwa 4 kafin ya fara 'ya'ya sosai. Da hannu ake tsinkar nunannun, a ɓare su, a bar su su kwana, a wanke, sannan a shanya. A ɗaya gefen kuma ana matse rake da na'urar da alfadari ko inji ke juyawa, a dafa ruwan har ya yi kauri, a zuba shi a mazubi ya daskare. Tuƙar raken ma ba a yar da ita, da ita ake hura wutar dahuwar. Sunan abin da ake samu a can fanela, amma Bahaushe na ganinsa zai ce mazarƙwaila ce.

Babban darasin yana cikin dalilin haɗa amfanin biyu. Farashin gahawa a kasuwannin ƙetare ake yanke shi, manomi ba shi da ta cewa. Lokacin da tsarin ƙayyade fitar da gahawa na duniya ya rushe a 1989, farashi ya faɗi warwas. Haka kuma tsakanin 2008 da 2011 cutar tsatsar ganye ta yi wa gonakin ƙasar mummunar ɓarna. Mazarƙwaila kuwa a gida ake shan ta, a kasuwar gari ake sayar da ita. Idan hagu ta ƙi, sai a koma dama.

Saboda haka bai kamata malamin gobe ya ɗauki ziyarar gona a matsayin yawon shan iska ba. Wasu kan ce tana cin kuɗi da lokacin darasi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai yini guda a gona yakan haɗa wa ɗalibi kimiyya da lissafi da tattalin arziki da harshe wuri ɗaya. Ɗalibin da bai taɓa jin kalmar tuƙa daga bakin manomi ba, da wuya ya riƙe ta daga allo, kuma da wuya ya daina kallon noma a matsayin sana'ar wanda ya rasa abin yi.

Ba sai an je Kolombiya ba. Ana noman gahawa a tsaunin Mambila na Jihar Taraba, ana kuma noman rake da dafa mazarƙwaila a ƙasar Maƙarfi ta Jihar Kaduna. Abin da ya rage ga malami shi ne ya nemi izinin hukumar makaranta da na iyaye, ya shirya wa ɗalibai tambayoyi tun kafin a tashi, sannan idan an isa ya ja baya, ya bar manomi ya koyar.