Allurar Rigakafi Ba Ta Jure Sakaci

Tun shekarar 1974 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin faɗaɗa rigakafi ga yara, aka fahimci cewa sayen allura shi ne ɓangare mafi sauƙi na aikin. Babbar wahala ita ce kai ta daga ma'ajiyar gwamnati zuwa ɗakin shan magani na ƙauye ba tare da ƙarfinta ya mutu a hanya ba.

Galibin alluran rigakafi ana ajiye su ne a sanyin da bai gaza digiri 2 ba, bai kuma wuce digiri 8 ba. A Sakkwato ko Maiduguri kuwa, zafin watan Afrilu kan haura digiri 40. Allurar ƙyanda, da zarar an haɗa ta da ruwanta, wajibi ne a zubar da ragowar bayan awa 6. Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne, sanyin da ya wuce kima ma ɓarna ne: allurar ciwon hanta da ta sarƙe-haƙora lalacewa suke yi idan suka daskare. Insulin na masu ciwon sukari da allurar tsayar da jini bayan haihuwa su ma suna bukatar wannan kulawa.

Haɗarin shi ne, allurar da ta lalace ba lallai ta canza kama ba. Uwa za ta koma gida da kwanciyar hankali, alhali ɗanta bai sami kariya ba. Ranar da ƙyanda ta kama yaron, ba firji za ta zarga ba, rigakafin za ta zarga, maƙwabtanta kuma su ji. Yardar jama'a, wadda da ita aka kai ga shelar kawar da ƙwayar shan-inna ta daji daga Afirka a 2020, ta nan take zubewa.

Saboda haka ya kamata ma'aikatun lafiya na jihohi da ƙananan hukumomi su riƙa ware kuɗin gyaran firji kamar yadda suke ware na saye, su kuma ƙara yawan masu aiki da hasken rana. Ma'aikacin asibiti ya rubuta ma'aunin sanyi safe da yamma, ya duba 'yar alamar da ke jikin kwalba. Idan murabba'in ciki ya yi duhu kamar da'irar da ke kewaye da shi, a jefar da ita. Kada shugabansa ya hukunta shi don ya faɗi gaskiya, domin asarar kwalba ta fi asarar rai sauƙi.