Maganin Maza Na Ƙasar Sin: Tsakanin Littafin Magabata Da Kwalin 'Yan Kasuwa

Daga cikin cututtukan da ɗa namiji ya fi jin nauyin ambatawa, har ya gwammace ya yi shekaru yana fama a ɓoye da ya buɗe baki a gaban likita, babu kamar raunin mazakuta; alhali kuwa fuƙaha'unmu ba su ji wannan kunyar ba, domin a mazhabar Malikiyya an yi bayani filla-filla cewa mijin da ya kasa kusantar iyalinsa alƙali kan ba shi jinkirin shekara guda ya nemi magani, kafin a duba batun raba aure. To, wannan kunya ita ce jarin masu sayar da ƙananan kwalayen nan masu rubutun Sinanci da hoton damisa ko doki, waɗanda ake gani a tashoshin mota da bakin kasuwanni, ana miƙa su da raɗa ana cewa ganye ne zalla, ba ya illa.

Adalci ya wajabta a fara da faɗin cewa ilmin ɗibbu na Sinawa ba abin rainawa ba ne. A wani kabari da aka rufe shekara 168 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, a wurin da ake kira Mawangdui, an tono rubuce-rubucen da ke magana a kan lafiyar auratayya. Kuma malaminsu Li Shizhen, bayan ya shafe kusan shekara talatin yana tattarawa da tacewa, ya kammala babban kundinsa na magunguna a 1578, inda ya lissafa abubuwa 1,892. A wurin waɗannan hukama'u, ƙarfin namiji yana da tushe a ƙoda, wadda suka ɗauka ita ce ma'ajiyar zafin rayuwa, har idan wannan wuta ta yi rauni sai baya ya riƙa ciwo, gwiwoyi su saki, gaɓoɓi su yi sanyi, sha'awa ta kwanta. Duk wanda ya taɓa jin masu maganinmu na gargajiya suna ɗora laifin komai a kan sanyi da basir, ba zai ji wannan bayani baƙo ba. Don haka suka nemi abubuwa masu ɗumama jiki: saiwar ginseng, da ƙahon barewar ƙasarsu tun yana ɗanye, da wani ɗan kifin teku mai kai irin na doki, da wata ciyawa da ake ba da labarin cewa wani makiyayi ne ya lura da yadda dabbobinsa ke tsananta barbara in sun ci ta.

Sai dai abin da masu talla ba sa faɗa shi ne, tabibin Sin na asali ba ya ba kowa magani ɗaya. Sai ya taɓa jijiyar hannu, ya dubi harshe, ya tambayi barci da abinci da damuwar zuciya, sa'an nan ya yanke ko matsalar daga sanyi take, ko daga zafi da danshi, ko daga fargaba da yawan tunani. Kuma a bisa ƙa'idarsu, wanda zafi ya yi wa yawa in aka ƙara masa mai ɗumamawa, cutar da shi aka yi. Haɗin da zai bayar kuwa na makonni ne, ana sha ana komawa ana sauyawa. Saboda haka ƙwayar da aka ce ta dace da kowane namiji, kuma tana aiki kafin sa'a guda ta cika, ta saɓa wa littattafan da take jingina da su tun kafin a kai ta ɗakin gwaji.

Da aka kai ɗakin gwajin ma, sakamakon bai kai girman tallan ba. Ciyawar makiyayin nan tana ɗauke da wani sinadari, icariin, wanda a gwajin kwalba yake bin hanyar da Viagra ke bi, amma da rauni ƙwarai. Ginseng kuwa, da cibiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwajen da aka yi a kansa a 2021, ta ga amfaninsa a wannan fanni ɗan kaɗan ne in an gwada shi da ƙwayar da ba komai a cikinta. Ba ina nufin babu alheri a tsirran Sin ba. Ai maganin zazzaɓin cizon sauro da muke ba 'ya'yanmu yau daga tazargade ya samo asali, bayan Tu Youyou ta bi diddigin wani tsohon littafinsu, aikin da ya ba ta kyautar Nobel a 2015; amma sai da aka tace, aka auna, aka gwada a kan marasa lafiya, kafin a kira shi magani.

To, in ganye ba ya aiki cikin sa'a guda, me ke aiki a cikin kwalin? Tun da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da sildenafil, wato Viagra, a watan Maris na 1998, marasa tsoron Allah suka gane cewa za su iya niƙa shi ko danginsa su cusa cikin garin ganye, ba tare da rubutawa a jikin kwali ba. Wani nazari a kan bayanan hukumar, daga 2007 zuwa 2016, ya sami kayayyaki 776 da aka yi wa irin wannan algus, kusan rabinsu na ƙarin ƙarfin maza ne. A ƙasar Sin kanta, a 2015, hukumomin birnin Liuzhou sun kama masu zuba sildenafil cikin barasa suna sayarwa da sunan abin ƙara lafiya. Mafi muni shi ne abin da ya faru a Singafo a farkon 2008, inda aka kwantar da mutum 150, waɗanda ba su da ciwon suga, saboda sugan jininsu ya faɗi warwas bayan sun sha irin waɗannan ƙwayoyi, da aka bincika sai aka iske maganin ciwon suga ne aka cakuɗa a ciki fiye da ƙima. Huɗu daga cikinsu suka mutu.

Hatta sildenafil na gaskiya, wanda likita ya rubuta, yana da sharaɗi, domin yana buɗe jijiyoyin jini ne, kuma in ya haɗu da magungunan ciwon ƙirji da ake kira nitrates yakan kayar da bugun jini har a rasa rai. Dattijon da ke shan maganin zuciya, wanda ya guji ƙwayar asibiti don tsoro ya koma ga ganye don neman aminci, shi ne ya fi kowa shiga haɗari, tun da ya sha abin da ya guda ba da saninsa ba, kuma ba bisa awo ba. Wannan algus a shari'ance ha'inci ne ƙarara, kuma ina ganin lambar hukumar kula da magunguna ta NAFDAC a jikin kwali, wadda ita ma ana yin jabunta, ba ta isa ta kwantar da hankalin mai saye ba.

Akwai kuma wata asarar da ta fi kuɗin ƙwaya. Jijiyoyin jinin al'aura sun fi na zuciya ƙanƙanta, don haka sukan riga toshewa, har likitoci suka lura cewa raunin mazakuta kan zo shekaru kaɗan kafin ciwon zuciya ya bayyana, kuma sau da yawa shi ne alamar farko ta ciwon suga ko hawan jini. Shan taba da ƙiba da wasu magungunan hawan jinin kansu suna jawo shi, haka nan damuwar bashi da rashin jituwa a cikin gida, waɗanda tabiban Sin ma suka ambata. Mutumin da ya kai shekara arba'in ya ga wannan sauyi, awon suga da na jini ya kamata ya fara nema, kuma kuɗinsu a asibitin gwamnati sau da yawa bai kai abin da yake kashewa a kan kwalaye cikin wata guda ba.