Kafin Mu Sayi Mota, Mu Yi Lissafi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwana manoma da 'yan kasuwa na Batsari da Safana game da sayen mota.

Da kaka ta yi, an sayar da amfanin gona ko an kai shanu kasuwa, sai ka ji gardama ta kaure a majalisa. Wasu su ce in za ka sayi mota sayi ta iyali irin Sharan ko Sienna, wasu su ce a'a, sayi Marsandi ko Lexus ko jif, ko ba komai a san ka iso. Ni dai a ganina tambayoyi uku ne za su raba wannan gardama.

Tambaya ta farko, nawa za ta sha? Kowa ya san a ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar fetur da ake saye ƙasa da N200 ta tashi zuwa wajen N500 cikin 'yan kwanaki, kuma a watan Oktoba na 2024 ta haura N1,000. Tun daga nan man mota ya zama kishiyar abincin gida.

Amma a nan akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Ba kowace motar iyali ce mai ƙarancin shan mai ba. Sienna kamfanin Toyota ne ya ƙera ta, Lexus ma nasa ne, kuma injin mai silinda shida da ke cikin Sienna da yawa irinsa ne a cikin Lexus RX 330 da RX 350. Ke nan wajen sha kusan uwa ɗaya uba ɗaya suke. Bambancin shi ne mutum nawa kowace ke ɗauka. Mu ɗauka tafiya ta ci lita 12, a kan N1,000 kowace lita, ka ga N12,000 ke nan. In Sienna ce mai mutum bakwai, kowane kai bai kai N1,800 ba, ga kuma wurin buhu a baya. In Lexus ce mai kujera biyar, N2,400 ne kowane kai, in kuma Alhaji ne da direbansa kaɗai, N6,000. Ita kuwa Sharan, wadda Volkswagen ya fara fitarwa a 1995, yawancinta silinda huɗu ce, shi ya sa direbobin haya suka rungume ta, ita da Golf.

Tambaya ta biyu, in ta lalace wa zai gyara? Dattawanmu sun ci moriyar Fijo 504 ba don ta fi kowace mota kyau ba, sai don tun 1975 ake haɗa Fijo a Kaduna, kayanta na ko'ina, kuma kowane bakanike ya san cikinta kamar yunwarsa. Motocin alfarma na yanzu kuwa kwamfuta ce ke tafiyar da su. Wata 'yar fitila ta kama a gaban direba, sai an nemo mai na'urar bincike daga Katsina, kayan gyaran kuma sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, wani lokaci ma sai Legas. Mota ta yi sati uku a gareji, mai ita na hawa acaba. Ga Marsandi ƙasa-ƙasa take, an yi ta ne don kwalta mai santsi, ba don hanyar ƙauye da damina ba. Ban ce Sharan da Sienna ba su da nasu ciwon ba. Yawancinsu tsofaffi ne 'yan Kwatano, kuma giyar otomatik in ta mutu kuɗinta ba wasa ba ne. Tun Janairun 2017 da gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa, ga faɗuwar Naira, tsohuwar mota ma ta zama gwal. Don haka a tafi da bakaniken da aka yarda da shi, ya duba inji da giya da takardun kwastan kafin a miƙa kuɗi.

Tambaya ta uku ita ce mafi nauyi, kuma mutumin Kano ko Kaduna ba lallai ya yi ta ba. Mu maƙwabtan Dajin Rugu ne. A wurinmu motar da ta mutu a hanyar Ruma ko Runka bayan la'asar ba maganar asarar kuɗi ba ce kawai, maganar rai ce. Mota mai ƙyalli kuwa shela take yi wa mai ita, ga masu kai rahoto ga ɓarayin daji ba a san su a fuska ba. Kada kuma mu manta da shekarar 2021, lokacin da Gwamna Aminu Bello Masari ya kafa dokar tsaro, aka hana sayar da fetur a jarka, aka ƙayyade wa mai mota man N5,000 a gidajen man da aka ware, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi har da namu biyu. A wancan lokacin mai ƙaramin inji ne ya yi ta zirga-zirgarsa, mai jif kuwa sai ajiyewa.

To, shawarata ita ce daidai ruwa daidai tsaki. Mai iyali da yawa, wanda zai kai mata asibiti, ya kai yara makaranta, ranar kasuwa kuma ya ɗauki kaya, motar iyali mai silinda huɗu ta fi masa. Mai ƙaramin iyali Corolla ko Golf ta ishe shi. Wanda Allah ya hore wa, har zai iya sayen mota ya kuma ciyar da ita ba tare da ya taɓa jari ko gona ba, ba mai hana shi, dukiyarsa ce. Amma wanda zai sayar da shanun huɗa don a ce masa ranka ya daɗe, ya tuna tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, dubu ba ta fid da shi.

Daga ƙarshe ina kira ga gwamnatin Jihar Katsina da shugabannin ƙananan hukumominmu da su dubi hanyoyin ƙauyuka da tsaronsu, domin rami da fargaba su ne ke ninka mana kuɗin mota. Su kuma shugabannin direbobi na tasha su ja kunnen masu cusa mutum goma a motar mutum bakwai.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya kiyaye mana hanya, amin.

Naku,
Mai karatunku a kullum,
Batsari, Jihar Katsina.