Ra'ayinmu: Shekarar Da Muka Yi A Kan Benci

Bisa al'adar wannan mujalla, duk lokacin da aka rufe karatu, filaye suka huta, mukan waiwaya mu dubi abin da shekara ta bari a fagen wasanni, sa'an nan mu faɗi abin da muke fata kafin a sake hura usur. Mu da ke rubuta wannan shafi ma 'yan kallo ne kamar kowa. Mun yi sowa inda aka yi sowa, ranar da aka ci mu kuwa mun koma ɗakunanmu tuwon dare ya gagare mu. Saboda haka duk abin da za mu faɗa a nan, da mu da ku ya shafa.

In aka bi shekarar 2025 wata-wata, ba za a ce mutanen Samaru da Sabon Gari sun rasa abin kallo ba. Ran 31 ga Mayu kulob ɗin PSG na Faransa ya lallasa Inter Milan da ci 5 ba ko ɗaya, ya ɗauki kofin zakarun Turai. A watan Yuli Chelsea ta juyo kan PSG ɗin ta ba ta ci 3 ba ko ɗaya a ƙasar Amurka. Ran 26 ga wannan wata 'yan matan Nijeriya suka yi abin da ya sa har dattawa suka miƙe tsaye: Maroko ta sha gabansu da ci 2 a gidanta, a birnin Rabat, amma suka farke, suka ƙara ɗaya, suka ɗauko kofin Afirka karo na 10. Kwana takwas bayan haka, ran 3 ga Agusta, 'yan matanmu na ƙwallon kwando suka doke Mali 78 da 64 a Abidjan, suka riƙe kofin Afirka sau 5 a jere. Baƙin cikin ya zo ran 16 ga Nuwamba, a Rabat ɗin dai, inda Kwango ta fitar da mazanmu a bugun daga kai sai mai tsaron gida, hanyar zuwa gasar kofin duniya ta 2026 ta toshe.

To, 'yan'uwa, ina muke sa'ad da ake duk waɗannan abubuwa? Muna zaune a kan benci. Mun biya kuɗin ƙofa a gidajen kallon ƙwallo na Ɗanraka da Hayin Dogo da Muciya, ko kuwa mun cunkusa a ɗakin hutawar ɗalibai, janareta na ruri a waje, zufa na zuba, idanu na kan telebijin. Da an tashi sai mu zarce teburin mai shayi, a raba dare ana gardama a kan wanda ya fi wani tsakanin Arsenal da Manchester United. Akwai ɗalibin da zai jero maka 'yan wasan Barcelona goma sha ɗaya da masu jiran canji, amma ka tambaye shi sunan mai tsaron gidan ɗakin kwanansa, sai ya yi ta sosa ƙeya. Cikin kofunan nan duka da muka yi wa ihu, babu ɗaya da aka biyo da shi ta Kwangila.

Ko a gasar cikin gida ma haka abin yake. Remo Stars ta Jihar Ogun ce ta ci gasar rukunin ƙwararru ta 2024/2025, karo na farko a tarihinta, Kwara United kuma ta ɗauki kofin ƙalubale. A wannan kaka, da ta 2025/2026 da ta biyo ta, cikin kulob 20 da suka fafata babu ko ɗaya daga Jihar Kaduna, balle daga Zariya. Wanda ya so ganin babban wasa ido da ido sai ya shiga mota zuwa Kano ko Katsina. Maƙwabtanmu Kanawa suna da Kano Pillars, wadda Ahmed Musa ya koma wa a 2024, ga kuma Barau da ta hau rukunin a 2025. Sun ɗanɗana daɗin samun nasu, sun kuma ɗanɗana ɗacinsa a watan Oktoba na 2025, lokacin da wasu magoya baya suka kutsa cikin fili bayan kunnen doki da Shooting Stars ta Badun, aka ci kulob ɗin tara, aka zabge masa maki 3, aka kora shi Katsina ya riƙa karɓar baƙi a can. Wannan darasi ne gare mu ma, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Amma dai mai gona ne ke kukan fari. Mu ko gonar ba mu da ita.

Ba haka muka gada ba. Iyayenmu suna ba da labarin Ranchers Bees ta Kaduna, wadda ta kai wasan ƙarshe na kofin masu kofuna na Afirka a 1988, ta kuma ci kofin Afirka ta Yamma a 1989. Kaduna United ta doke Enyimba ta ɗauki kofin ƙalubale a 2010. Ita kanta Zariya ba ta taɓa yin fatarar 'yan wasa ba. A nan aka haifi marigayi Isaac Promise, wanda ya jagoranci samarin Nijeriya zuwa wasan ƙarshe na kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a 2005, ya kuma jagorance su suka ciwo lambar azurfa a wasannin Olamfik na birnin Beijing a 2008. A nan aka haifi Shola Ameobi a 1981, wanda ya yi shekara 14 yana buga wa Newcastle ta Ingila, ya kuma sa rigar Nijeriya a gasar kofin duniya ta 2014.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Masai Ujiri. A Zariya ya tashi, a nan ya fara taɓa ƙwallon kwando yana ɗan shekara 13, a hannun Oliver Johnson, Ba'amurken nan da ya yi shekaru da yawa yana horas da yara a filin Jami'ar Ahmadu Bello. Ujiri bai zama shahararren ɗan wasa ba, amma ya zama shugaba. A 2010 aka ba shi riƙon kulob ɗin Denver a babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 2013 aka zaɓe shi gwarzon manajoji, a 2019 kuma kulob ɗin Toronto na ƙasar Kanada ya ci gasar a ƙarƙashinsa, karo na farko da kofin ya fita daga Amurka. A watan Yuni na 2025 ya rabu da Toronto bayan shekara 12, labarin da ya ratsa duniya, amma a teburin mai shayi bai kai rabin labarin cinikin 'yan wasan Ingila ba. Abin lura a tarihin nan shi ne ƙanƙantar mafarinsa: fili guda, ƙwallo guda, da malami guda wanda ba ya fashin zuwa da la'asar. Ba a kashe dukiya mai yawa a kan yaron nan ba. An dai buɗe masa ƙofa, an kuma tsaya a kansa.

In kuwa maganar kayan aiki ake yi, garuruwa kaɗan ne a Arewa za su ja da Zariya. Ga jami'a da aka kafa tun 1962, ɗaya daga cikin biyar ɗin da suka fara gasar wasannin jami'o'in Nijeriya a Badun a 1966, wadda kuma ta karɓi baƙuncin gasar a 2001. Ga harabar Kongo, ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ga barikin horon kuratan soja da ke nan tun 1924. Ga Barewa da Alhudahuda da Kufena, makarantun da iyayenmu suka yi tsere da tsalle a filayensu. Ga filin folo, ga mahauta masu dambe da kaka, ga Sabon Gari wanda jirgin ƙasa ya tara masa kowace ƙabila ta Nijeriya, yaransu suna buga tamaula tare a kowane lungu. Dubban samari da 'yan mata masu jini a jika suna kwana suna tashi tsakanin Shika da Tudun Wada. Lalle Hausawa sun yi gaskiya da suka ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa.

Ba cewa muke yi kallon ƙwallon Turai laifi ne ba. Masu gidajen kallo sana'arsu suke yi, da ita suke ci da iyali, wanda kuma ya ga gwani yana wasa yakan ƙaru. Ba kuma cewa muke yi ba a buga komai a garin nan cikin shekarar ba. An yi wasanni tsakanin ɗakunan kwana da tsakanin tsangayoyi, an yi na unguwanni a filayen firamare, akwai kuma 'yan'uwanmu da suka riƙa fita gudu tun asuba cikin hunturu ba tare da kowa ya ce musu sannu ba. Tambayarmu ita ce, sau nawa muka je? Ɗan wasan da ya ɗaga kai ya ga bakin fili ba kowa sai abokansa uku da mai sayar da rake, da wane ƙarfin guiwa zai dawo gobe? Mai kuɗin da ake roƙo ya sa kofi, me zai gani ya sa hannu a aljihu? Ba a kafa kulob sai da jama'a, jama'ar kuwa mu ne, ga mu can a kan benci.

Akwai kuma wata ɓarna da ta biyo bayan zaman bencin, wadda ba za mu rufe baki a kanta ba, watau caca. Da yawa daga cikin masu ihu a gidan kallo yanzu ba don son kulob suke yi ba, takardar da ke aljihunsu ko lambobin da ke cikin wayarsu suke yi wa. Kowannenmu ya san ɗalibin da kuɗin abincinsa na wata ya tafi a daren Asabar guda, ko ƙaramin ma'aikacin da albashinsa bai ga goma ga wata ba. An ƙago wasa ne don lafiyar jiki da zumunci. Ranar da ya koma hanyar cin bashi da ƙaryar kuɗin littafi ga iyaye, ya tashi daga wasa.

To, ga abin da muke fata a wannan hutu, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.

Na farko, muna roƙon shugabannin ƙungiyar ɗalibai su zauna tun yanzu su tsara jadawalin wasannin ɗakunan kwana, daga Suleiman da Akenzua da Ɗanfodiyo har Amina da Ribadu da na Kongo, a manna shi a makon farko na komawa. A zaɓi ranaku da lokutan da ba su ci karo da manyan wasannin Turai ba, gama yaƙi ɗan zamba ne. Kuɗin wasanni da ke hannun ƙungiya kuma a bayyana yadda aka kashe shi, kwabo-kwabo, a wannan mujalla.

Na biyu, muna fatan ganin gasar gari, wadda za ta haɗa makarantun da muka ambata da kulob-kulob na unguwanni, Samaru ta je Sabon Gari, Tudun Wada ta karɓi Birni. Wannan ba ya bukatar jirgin sama ko masauki, kuɗin bas ne da na alƙalin wasa. Daga irin wannan gasa ce ake tace 'yan wasan da wata rana za su ɗauki sunan Zazzau zuwa rukunin ƙwararru. Za ta kuma rage tazarar da ke tsakanin ɗalibi da ɗan gari, waɗanda sau da yawa ba su haɗuwa sai a kasuwa.

Na uku ya shafi 'yan'uwanmu matasan ma'aikata, musamman na ƙananan hukumomi da ofisoshin ilmi da na filaye. Takardun da ke yanke hukuncin ko filin makaranta zai ci gaba da zama fili, ko kuwa zai koma jerin shaguna, ta teburinku suke bi. Duk filin da aka gine ya tafi ke nan har abada. Ku tuna a irinsa kuka yi ƙuruciya, ku yi wa na baya adalci.

Na huɗu, a ba mata wurinsu. Kofuna biyu da suka share wa Nijeriya hawaye a 2025 mata ne suka ɗauko su. A keɓe musu lokaci a fili, da malamai mata, da suturar da ta dace da mutuncinsu da addininsu, don kada yarinya mai baiwa ta bar wasa saboda rashin wurin da iyayenta za su amince da shi.

Na biyar, kada a manta da namu na gado. Dambe da kokawa da langa ba su bukatar takalmi ko raga, makon al'adu kuwa bai kamata ya tsaya ga rawa da sa babbar riga ba. A gayyato 'yan dambe da makaɗansu, a sa likita da alƙali, ɗalibai su gani su kuma gwada.

Daga ƙarshe, ga alkawarin da wannan mujalla ta ɗauka. Daga fitowa ta gaba za mu keɓe shafi guda ga wasannin Samaru da Sabon Gari da kewaye, mu buga sakamako da sunayen waɗanda suka ci, ko da wasan 'yan aji ɗaya ne. Ku kuma abin da muke roƙo gare ku kaɗan ne: cikin kowane mako, la'asar guda, ku bar benci ku zo bakin fili. Mai iya bugawa ya buga, wanda ba ya iyawa ya tafa, wanda ya taɓa yi a da ya ɗauki yara biyar ya koya musu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Allah ya kai kowa gida lafiya, ya dawo da mu lafiya, ya sa baɗi war haka abin da za mu rubuta a wannan shafi ya zama labarin namu. Amin.