Gidauniyar jinyar wanda ya yi hatsari: abin da Shari'a ke nema daga masu tarawa

Da wuya mako ya wuce a masallatanmu ba a miƙa wa liman takarda bayan sallama ba: wani ɗan'uwa ya yi hatsari a hanya, ƙashin cinya ya karye, likitoci sun ce sai an saka ƙarfe, kuma sai an ajiye kuɗi kafin a shiga ɗakin tiyata. Ba shi da inshorar lafiya, kamar yadda mafi yawanmu ba mu da ita. A Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fitowa, duk da cewa dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshorar a kan kowa. Don haka idan ƙaddara ta faɗa, abokai da maƙwabta ake dubawa.

Wasu bayin Allah suna jin nauyin wannan gidauniya, suna ganin bara ce aka sauya wa riga. Muna ganin sun tsananta. Imam Muslim ya ruwaito cewa Ƙabisa ɗan Mukhariƙ, Allah Ya yarda da shi, ya zo wa Annabi (SAW) yana neman taimako a kan wani nauyi da ya ɗauka, sai aka bayyana masa mutum uku da roƙo ya halatta a gare su: wanda ya ɗauki nauyin biyan dukiya domin sulhunta mutane, da wanda annoba ta cinye masa dukiya, da wanda talauci ya kama har mutum uku masu hankali daga jama'arsa suka shaida. Magidancin da ke ci da guminsa, yau ga shi kwance, babur ɗin da yake nema da shi ya zama tarkace, ba ya fita daga cikin waɗannan. Kuma idan abokai suka tsaya suka nema masa, sun ɗauke masa ƙasƙancin miƙa hannu da kansa, wannan ma lada ne na daban.

Sai dai a lura da sharaɗin shaidu uku. Hadisin ya buɗe ƙofa, ya kuma tsayar mata da mai gadi. Kowa ya san yadda hoton majinyaci guda ke yawo a WhatsApp shekara da shekaru, lambar asusun banki kawai ake sauyawa. Wannan ha'inci ya fi cutar da mabuƙaci na gaskiya fiye da wanda aka damfara, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kafin a sanar da kowace gidauniya daga mimbari, wajibi ne mutum uku sanannu a unguwa su je asibitin da ƙafarsu, su ga mara lafiya, su ga takardar kuɗin da likita ya rubuta, sannan su yarda a ambaci sunayensu tare da sanarwar.

Akwai kuma batun sutura, wanda muke ganin an fi sakaci da shi. Mutum yana kwance bai san inda kansa yake ba, jini ya ɓata masa jiki, tufafinsa a yage, sai a ɗauki hotonsa a watsa wa duniya, wai don zukata su karaya a bayar. Wani lokaci ma mace ce. Wa ya nemi izininsa? Alfarmar Musulmi ba ta faɗuwa saboda ya suma, kuma al'aurar mara lafiya tana nan a matsayinta na al'aura. Zai warke da yardar Allah, ya koma kasuwa, 'ya'yansa su koma makaranta, hoton kuwa yana nan a wayoyin mutane. Shaidar amintattu uku da takardar asibiti sun wadatar. Wanda ba zai bayar ba sai ya ga rauni a buɗe, to ya binciki zuciyarsa.

Kuɗin da aka tara amana ce mai ƙaidi. Wanda ya bayar don tiyata, tiyata ya nufa, ba a karkatar da kuɗinsa zuwa biyan haya ko wani abu sai da saninsa. Ya fi aminci a biya kai tsaye cikin asusun asibiti a karɓi rasit, kuma kada mutum ɗaya ya riƙe kuɗin shi kaɗai, ko da kuwa shi ne limamin. A rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta wa waɗanda suka bayar. In buƙata ta biya, a sanar an rufe. In an samu rara, ko Allah Ya karɓi ran majinyacin kafin a yi aikin, sai a fara biyan bashin jinyar, saura kuma a tuntuɓi masu bayarwa: ko a bar wa iyalinsa, ko a mayar ga wani mai irin lalurarsa. Masu tarawa ba su da kaso a ciki da sunan ma'aikatan zakka, domin waɗancan hukuma ce ke naɗa su.

Ana yawan tambaya ko zakka na shiga nan. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa faƙirai da miskinai da waɗanda bashi ya yi wa katutu. Ma'aikacin da albashinsa ke isar cefane amma ba zai ɗauki nauyin tiyata ba, mabuƙaci ne a wannan babi, kuma wanda ya ci bashi don jinya ya kasa biya yana cikin masu bashi. A mazhabar Malikiyya ma an yi rangwamen gabatar da zakkar kuɗi da kamar wata guda kafin shekara ta cika. Attajirin da ke jiran Ramadan ya raba dubu biyu-biyu ga layin mutane a ƙofar gida, da zai dunƙule wani kaso ya tsayar da magidanci ɗaya a kan ƙafafunsa, da gida guda ya fita daga layin.

Masu tarawa su san kuma cewa majinyacin yana da haƙƙoƙin da suka riga sadaka. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin ba da kulawar gaggawa. Sannan kowace mota da ke kan titi doka ta ɗora mata inshorar da ke biyan wanda aka ji wa rauni, wadda kuɗinta ya koma naira 15,000 a shekara ga ƙananan motoci tun Janairun 2023. Da yawa suna sayen takardar jabu don su wuce shingen jami'ai, ranar da suka buge mutum kuma sai a zo da dattawa ana cewa a yi haƙuri, ƙaddara ce. Ƙaddara ce, babu shakka, amma Shari'ar da ta koya mana imani da ƙaddara ita ce ta wajabta diyya a kan raunin kuskure. Yafiya haƙƙin wanda aka raunata ce, ba a matsa masa a kanta alhali yana nishi a gadon asibiti.

Abin da ya fi damunmu shi ne kullum sai jini ya zuba muke fara neman kuɗi, kafin a haɗa kuwa an kwashe mara lafiya zuwa wurin mai ɗori, wani lokaci ƙafar da za a iya cetowa ta ruɓe. Bukhari da Muslim sun ruwaito yabon da Annabi (SAW) ya yi wa Ash'ariyyawa, waɗanda idan abinci ya yi musu ƙaranci sukan tattara abin da ke hannunsu su raba daidai. A kan irin wannan asasi ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta hana inshorar kasuwanci ta kuma halatta ta taimakekeniya, wato takaful, kuma akwai kamfanonin takaful masu lasisi a Najeriya. Jihohi irin su Kano suna da hukumar taimakekeniyar lafiya da mai sana'ar hannu zai iya shiga. Masallacin da ke da magidanta 200, in kowa zai ajiye naira 1,000 a wata, naira miliyan 2 da dubu 400 ke nan a shekara, a hannun kwamitin da ke karanta lissafinsa a bainar jama'a. Wannan ya isa a ajiye kuɗin farko a asibiti tun daren da aka kira waya, sauran kuma a nema da safe.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.